Kafin a shimfiɗa tayil, a duba abin da ke ƙarƙashi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida in yi magana da masu gina gidaje a birnin Katsina da kewaye. Ni magini ne. Na fara daga lebura mai ɗaukar kwanon sarki, na buga bulo, na yi filasta, yanzu kuma shekaru sun zaunar da ni a aikin ƙasa, wato kankare da tayil, da yara a hannuna.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne lokacin ya zo. Da damina ta ɗauke, iskar hunturu ta fara kaɗawa, wayar mai sa tayil a garin nan ba ta hutawa. Wannan ya ce tayil ɗin falonsa ya tashi cikin dare da ƙara har yara suka firgita, wancan ya ce tsakiyar ɗakinsa ta lotsa, wata Hajiya ta ce kafet na wari, da aka ɗaga sai ga ƙasa jiƙe sharkaf. Kowa kuma ya riga ya sami wanda zai ɗora wa laifi, ko mai sa tayil ko ɗan kasuwar da ya sayar, a ce jabu ya bayar. Akwai jabun kaya a kasuwa, ban musa ba, akwai kuma maha'inta a cikinmu. Amma in aka fasa ɗakin aka duba, galibi ɓarnar tana can ƙasa, an binne ta tun kafin a sayi kwalin tayil na farko.

Daga ciko matsalar ke farawa. An gama tushe, an kai DPC, wato shimfiɗar da ake yi a saman tushe don ta hana laima hawa bango, ɗakuna sun zama ramuka, sai mai gida ya kira direban tifa ya ce a kawo ƙasa mafi araha. Abin da ake kawowa na sha gani da idona: baraguzan tsohon gini, ƙasar bola da ledoji da tsummoki da toka, har da takin dabbobi. A juye a ɗaki lokaci guda, tsawon gwiwa ko fiye, lebura biyu su baje da shebur, su tattaka da ƙafa, a ce an gama. Duk abin da zai ruɓe a cikin wannan ƙasa zai ruɓe, ya bar gurbi. Ƙasar da ba a daɓe ba kuma za ta ci gaba da zama da kanta shekara da shekaru, kankaren da ke samanta ya koma yana rataye a kan iska. Ranar da aka ɗora masa buhunan hatsi ko babban firji, sai ya tsage, tayil ya bi shi.

Cikon ƙwarai jar ƙasa ce mai marmara, ko rairayi mai tsabta, irin wanda Allah ya hore mana a wannan yanki. Baƙar ƙasar fadama mai laka ba ta ciko, domin tana kumbura da ruwa, tana tsukewa da rani. Ana zubawa ne hawa-hawa, kowane hawa kada ya wuce inci 6, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara wani. Ruwan ma da awonsa. Ka damƙi ƙasar a tafin hannu: in ta dunƙule ba ta ɗiga ba, ta yi daidai, in ta wargaje, tana son ruwa, in ta yi caɓi tsakanin yatsu, a bar ta ta sha iska. Akwai injin daɓe na haya a gari, kuɗin yininsa bai kai na kwalayen tayil kaɗan ba. Wanda bai samu ba, a cika gwangwani da kankare a kafa masa sanda, yara su yi ta bugu. Masu haƙuri kan bar ciko ya ci damina guda kafin a zuba kankare, kuma ina yaba musu, amma ko an yi haka sai an sake bi da daɓe, don ruwan sama ba ya danne ƙasa daidai a kowace kusurwa.

A nan dole in taɓo maganar kududdufai. Duk ɗan birni ya san yadda aka same su: nan kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka gina gidaje da ganuwa. Yau an cike da yawa da shara, an yanka fuloti, an sayar. Ba na hana kowa saye, wuri ya yi tsada a cikin gari. Amma wanda ya sayi tsohon kududdufi ya sani ba irin aikin da ake yi a jigawar hanyar Jibiya ko hanyar Daura zai yi ba. Nan sai an nemo injiniya, an haƙa har an tarar da ƙasa ta asali, an sa rodi ko ragar waya a cikin kankaren ƙasa. Kafin ka biya kuɗin fili, ka zauna da dattawan unguwa ka tambaye su me ke wurin shekara talatin da suka wuce. Dillali ba zai faɗa maka ba.

Wani lokaci in ina kallon yara suna tattaka ciko da silifa, sai in tuna yadda iyayenmu mata ke daɓen ɗakin amarya. Gayya ake yi. A baje tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa a jere kowace da madaɓinta, suna bugu suna waƙa, tun hantsi har la'asar. A jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa, a riƙa zuba ruwanta ana sake bi, gobe ma a dawo. In ya bushe sai ya yi jawur yana ƙyalli, tsintsiya ba ta tayar da ƙurarsa. Ba su da siminti ko buhu ɗaya, amma ba su taɓa ɗora shimfiɗa a kan ƙasar da ba ta daɓu ba. Akwai kuma wani abu game da wancan daɓe da ya kamata masu gini na yau su gane. Daɓen ƙasa da bangon ƙasa suna fitar da laima a hankali, iska ta kwashe. Tayil da ledar ɗaki ba sa barin komai ya fita. In ka rufe ƙasa da su ba ka tare ruwan daga tushe ba, zai nemi hanya, hanyarsa kuwa ita ce bango. Shi ne za ka ga gindin bango ya yi duhu kamu biyu ko uku daga ƙasa, fenti na ɓarewa, wani farin gari kamar kanwa yana fitowa.

Abin da ke tare wannan laima wata leda ce da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kankare, kuma a kanta na fi yin faɗa da masu gida. Mutanenmu suna cewa Katsina ai busasshiyar ƙasa ce, ruwan wata huɗu ne, me za a yi da leda? Ruwan wata huɗun ne, daga Yuni zuwa Satumba, amma wanda ya ga yadda lunguna ke cika a watan Agusta ya san ƙasa na sha har ta ƙoshi. Ban da haka ga rijiya a tsakar gida, ga masai, ga kwatar maƙwabci da ke bin jikin bango shekara zagaye. Kankare kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, yana tsotso ruwa daga ƙasa kamar lagwanin fitila.

Ledar da ake nufi mai kauri ce, wadda masu sayar da kayan gini ke kira geji 1000 ko 1200. Ba ledar da ake shanya barkono ba ce, ba kuma buhunan siminti da aka farke aka jera ba. Kafin a shimfiɗa ta, a fesa maganin gara a kan ciko, musamman gefen bango. In an sa duwatsu a saman cikon, a bi su da yashi mai laushi kamar inci 2, don kada kaifinsu ya huda ta. Inda leda biyu suka haɗu, ɗaya ta hau kan ɗaya da aƙalla inci 6, a manne da salatif mai faɗi. A gefe kuma a naɗo ta ta hau jikin bango ta haɗu da DPC, kada a yanke ta daidai kusurwa. Inda bututun ruwa ya ratsa, a ɗaure ta da kyau a jikinsa. Masu turo baro su shimfiɗa katako su bi ta kai. Na taɓa tsayawa a wani gini a Sabuwar Unguwa, an sayi leda mai kyau, an shimfiɗa, sai ga wani yaro yana bi da ƙusa yana huda ta, wai don ruwan kankare ya tsane da wuri su tashi. Mai gidan yana zaune cikin mota yana waya. Na ce masa, "Alhaji, ka ga kuɗinka can ana hudawa." Ya leƙo ya ce, "To Baba, ai su suka san aikinsu."

Bututun ruwan da za a binne ma a gwada shi kafin a rufe. A haɗa, a cika da ruwa, a toshe, a bar shi ya kwana. Gwiwar bututu ɗaya mai ɗiga a ƙarƙashin falo ta isa ta zaizaye ciko cikin shekara biyu ba wanda ya sani.

Sai kankare, wanda muke kira jaman fulo. Da yawa ba sa yin sa sam. A kan ciko kai tsaye ake zuba yashi da ɗan siminti, a ɗora tayil. Tun da buhun siminti ya haura naira 10,000 a farkon 2024, wannan dabara ta ƙara yawa, kuma na fahimci halin da ake ciki. Amma bari in yi lissafi a fili. Buhu ɗaya kilo 50 ne, kwanon sarki biyu. Haɗi mai ƙarfi shi ne buhu ɗaya, yashi kwano 4, tsakuwa kwano 8. Na ɗakin kwana da ba zai ɗauki nauyi ba, ana iya yin yashi 6, tsakuwa 12. Ɗaki mai ƙafa 12 da 12, in aka zuba kaurin inci 4, zai ci buhu 8 a haɗin farko, ko kamar 6 a na biyu. Wannan ɗakin dai zai ci kwali 10 na tayil mai 60 da 60, tunda kowane kwali guda huɗu ne a ciki. Mutum ya je kasuwa ya tambayi kuɗin kwali goma na irin tayil ɗin da yake sha'awa, ya haɗa da kuɗin mai sawa, sannan ya tuna in ƙasa ta lotsa duka za a farfasa, ba a ciro tayil da rai. Ni shawarata ga wanda kuɗinsa bai kai ba ita ce ya yi ciko da leda da kankare, ya goge saman da siminti, ya shiga gidansa. Tayil ya jira shekara mai zuwa, ba abin kunya ba ne.

Yashin ya zama mai kaifi, na rafi. In ana shakka, a zuba shi rabin kwalba, a cika da ruwa, a girgiza, a ajiye. Laka za ta kwanta a sama, in ta yi kauri a mayar wa mai tifa abinsa. Kada a cika ruwa a kwaɓi don a ji daɗin bajewa, ruwa mai yawa ƙarfi yake ragewa. Bayan an zuba kuma, a shayar da shi safe da yamma har kwana 7, ko a rufe shi da jiƙaƙƙun buhuna. Siminti ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwa yake ci, kuma sai ya kwana 28 yake kaiwa ƙarfin da ake lissafa masa. A watan Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, ko cikin hunturu da iska ke busar da leɓe, kankaren da aka zuba da safe aka tafi aka bari, kafin la'asar ya fara tsattsagewa. Na san ruwa saye ake yi a wurin 'yan garuwa a unguwanni da yawa. A sa kuɗinsa cikin lissafin gini tun farko, kamar yadda ake sa na rodi.

Tsayin daɓen ɗaki ma a duba. Ya ɗara ƙasar waje da aƙalla inci 6, ni nakan ce ƙafa ɗaya ko fiye, domin duk lokacin da aka gyara titi ko aka yi kwalbati, layi tashi yake yi. Akwai gidaje a cikin birni da yanzu sai an sauka ake shiga zaurensu.

Na zo kan 'yan sana'ata. Tayil ɗin da ke tashi da ƙara cikin hunturu, dalilinsa sananne ne. Sabon kankare yana tsukewa yayin da yake bushewa, makonni yana yi. Tayil kuma yana ɗan buɗewa da zafi, ya koma da sanyi. In aka ɗora shi a kan ɗanyen kankare, aka matse shi da juna ba tazara, aka kuma danna shi jikin bango, ba shi da wurin motsi sai sama. Don haka a bar kankare ya yi kamar mako shida. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin tayil da tayil, akwai 'yan robobi masu siffar gicciye da ake sayarwa don haka. A bar wajen rabin santimita a jikin bango, sikatin, wato siririn tayil da ake bin gindin bango da shi, zai rufe. Babban falo ko masallaci, a yanka layin motsi, wato tazarar da za ta ba tayil wurin motsi, duk bayan mita 6 zuwa 8 a cike da abu mai laushi, baranda da rana ke duka kuwa a matso da shi kusa. Masu gida ne kan ce ba sa son ganin layi, suna son ya fito kamar madubi. Mu kuma da muka san illar sai mu yi shiru don kada aiki ya kuɓuce.

Ha'incin da ya fi yawa shi ne na ɗigo biyar: a sa kwaɓi a kusurwa huɗu da tsakiya, a danna. Yana da sauri, kuma tunda jinga ake yi da sikwaya mita, sauri kuɗi ne. Amma ƙarƙashin tayil ɗin rami ne, ƙafar kujera ta isa ta fasa shi, kyankyasai kuma sun sami gida. Kamata ya yi kwaɓi ya cika bayan tayil gaba ɗaya. Tayil na gargajiya mai jan baya yana shan ruwa, a jiƙa shi kafin a sa. Mai sulɓin nan da ake kira foselin kusan ba ya shan ruwa, siminti zalla ba ya kama shi sosai, gam ɗin tayil yake so, a baje da cokali mai haƙora. Mai gida ba ya bukatar ilimin gini kafin ya kama mu. Ya ɗauki makullin motarsa ko na babur, ya bi tayil ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa kafin ya biya cikon kuɗi. Wanda ya cika yana amsawa da nauyi, mai rami kuwa ƙararsa daban ce, yaro ma zai ji. A banɗaki ya zuba bokitin ruwa ya ga ko zai nufi magudana da kansa.

Ina da magana da iyayenmu mata masu jere. Sau da yawa ango kan gama simintin ɗaki saura kwana uku biki, 'yan jere su zo su shimfiɗa leda ko kafet daga bango zuwa bango, a ɗora gado da kujeru da kabad. Ruwan da ke cikin simintin nan ba shi da mafita. Bayan wata biyu amarya ta fara tari, ƙasan kabad ya kumbura, a ce kafinta ya cuce su. Shafen siminti yana bushewa ne kamar milimita ɗaya a yini, ke nan mai kaurin inci 2 yana son kusan wata biyu. Gwajin ba wuya. Hajiya, ki sa a yanko leda kamu biyu, a manne ta a ƙasa da salatif ta kowane gefe, a bar ta ta kwana. In da safe an ga gumi a cikinta ko wurin ya yi duhu, ɗakin bai shirya ba. In biki ya matsa, a sa darduma ko tabarmar da za a iya ɗagawa a shanya, a ajiye kafet sai daga baya. Kafin a shimfiɗa ledar ɗaki kuma a share tsaf, a kankare duk wani tudu, domin tsakuwa ɗaya ta isa ta huda ta. Soson da ake sawa ƙarƙashin kafet, a matsa shi da yatsu biyu: wanda ya dawo nan take shi ne na saye, wanda yatsu suka haɗu a cikinsa ba zai kai Sallah biyu ba. Kwamitocin masallatai su ma su lura da wannan, don goshin jama'a ne ke sauka a wurin.

Masu kuɗi sun fara yayin wani daɓe mai kama da katako wanda ake saƙala shi da juna ba gam. Shi ma da nasa sharaɗin: leda a ƙasa, siririn soso mai milimita 2 ko 3 a kai, tazarar kusan santimita ɗaya a jikin bango, ƙasa kuma ta miƙe sosai. Wasu kan ninka soson wai don ya yi laushi ko ya ɓoye kwari, sai mahaɗan su kakkarye. Gidan da ake wanke ɗaki da bokiti, a haƙura da irin wannan daɓe.

Malam Edita, ka ba ni dama in ƙara da roƙo. Ka shiga azuzuwan firamare da dama a jihar nan, za ka ga tsakiyar aji ta zama rami, yara na zaune cikin ƙura, alhali ba a daɗe da gyara ba. Shafe ne na inci ɗaya a kan rairayi. Masu duba aikin kwangila sukan zo ne bayan an yi fenti, lokacin da ba abin da za a gani sai launi. Ina roƙon hukumomin da ke ba da irin wannan aiki, da hukumar tsara birane, su sa a riƙa zuwa ranar ciko da ranar zuba kankare. Sashen koyar da gini na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman Katsina kuma, da za su riƙa shirya mana bita ta yini ɗaya ko biyu da Hausa, mu da muka koyi aiki a bakin tifa, da mun zo da yaranmu.

Ga mai gina gida kuwa, musamman ma'aikaci da ke Abuja ko Kaduna yana aiko da kuɗi, ka raba biyan kashi-kashi: na ciko daban, na leda da kankare daban, na tayil daban. Kada ka saki na gaba sai kai ko wani naka ya taka wurin ya gani, ko a ɗauko maka bidiyon ledar a shimfiɗe kafin baro na farko ya hau. Magini na gari ba zai ji haushin haka ba.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam.

Naka,
Wani magini,
Ƙofar Marusa, Katsina.